Tsoho Ya Karye a Kwatangwalo: Wace Tiyata Za a Yi Masa?

Faɗuwar da ke karya kwatangwalon tsoho ba ta cika zama abin a zo a gani ba. Tsohuwa ce ta tashi cikin dare za ta kewaya, santsi ya kwashe ta. Ko dattijo ya waiwayo zai amsa kira, ƙafa ta harɗe da gefen shimfiɗa. Daga tsaye zuwa ƙasa ke nan, irin faɗuwar da yaro zai yi ya miƙe ya karkaɗe riga. Shi kuwa sai a zo a same shi ya kasa tashi, yana nuna ciwo can cikin matsematsi, ƙafar ta ɗan gajarta, tafinta ya kwanta yana kallon waje. A asibiti a ɗauki hoto, likita ya ce gobe za a shiga tiyata. Nan 'ya'ya za su kalli juna, babbansu ya ce: "Likita, Baba fa ya haura tamanin, ga hawan jini ga suga. Anya jikinsa zai ɗauka? Ba za a bar shi ya kwanta ƙashin ya haɗe da kansa ba?"

Tambaya ce ta masu ƙauna, lissafinta kuma sananne ne: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Sai dai a wannan ciwon, ƙin tashin ne ke kisa. Tsohon da ya kwanta rigingine makonni ba ya iya tari da ƙarfi, majina ta taru a huhu ta zama nimoniya. Jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, wani gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Fatar gadon baya da dunduniya ta mutu ta zama gyambo. Ciwon karayar, wanda ke tashi duk lokacin da aka juya shi don a gyara masa jiki, ya haɗu da rashin barci ya jefa shi sambatu. Tsoka kuwa narkewa take yi: a wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu cikakkiyar lafiya kwana goma kacal, suka rasa kusan kilo guda na naman ƙafafu. Ko da an yi tiyatar, cikin kowane mutum biyar ɗaya ko fiye ba ya kai shekara bayan wannan karaya, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiyar da suke yi a da. Kusan uku cikin huɗu na masu karyewar mata ne, saboda ƙashinsu ya fi saurin zaizayewa bayan ɗaukewar al'ada.

Don haka abin da likitan ƙashi ke nema a jikin tsoho dabam ne da abin da yake nema a jikin saurayi. Saurayi ana iya ce masa kada ya taka ƙafar har wata uku, ya rataya a sanduna biyu ya yi haƙuri. Tsohuwa mai shekara 85 ba ta da ƙarfin hannun da za ta rataya, wani lokacin ma ba za ta tuna an ce kada ta taka ba. Tiyatar da ta dace da ita ita ce wadda za ta ba ta damar ɗora nauyinta duka a kan ƙafar washegari, kuma ba za a sake komawa da ita ɗakin tiyata ba. Duk gardamar da za mu shiga a kan waɗannan sharuɗɗa biyu take juyawa.

Abin da ake kira karayar kwatangwalo, a zahiri ƙashin cinya ne ke karyewa daga can sama. Ƙarshensa na sama yana da kai mai kama da ƙwallo wanda ke zaune cikin ƙoƙon ƙashin ƙugu. Ƙasan kan akwai wuya, siriri, a karkace. Ƙasan wuyan kuma akwai kafaɗa mai faɗi mai tudu biyu, babba da ƙarami, inda manyan tsokoki suke manne. Babban tudun shi ne ƙashin da kake taɓawa a gefen ƙugunka. Kai da wuya suna lulluɓe cikin wata jaka mai kauri. Muhimmin abu shi ne jijiyoyin da ke kai wa kan jini suna hawa ne ta jikin wuyan, manne da shi kamar yaɗo a jikin itace. Idan wuyan ya karye ya goce, sai su tsinke ko su murɗe, kan ya rasa abinci. Idan kuwa a kafaɗar aka karye, wajen jakar, jini na nan a yalwace ta kowane gefe. Tazarar wurin biyu ba ta wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba, amma ita ke raba tiyata da tiyata.

Astley Cooper, likitan fiɗa na Landan, ya bambanta waɗannan biyun tun 1822, ya kuma lura cewa karayar cikin jaka da wuya take haɗewa. Fiye da shekara ɗari bayansa, a 1935, Kellogg Speed na Chicago yana kiranta karayar da aka kasa shawo kanta. A tsakani an gwada abubuwa. Marius Smith-Petersen na Boston ya fito da ƙusa mai fiffike uku a 1931, wadda ake bugawa ta ratsa wuyan zuwa cikin kai. Ta taimaka, amma ƙusa ba ta dawo da jinin da ya yanke. Wasu suka ce to a daina lallashin mataccen kai, a cire shi a sa na ƙarfe. Austin Moore ya sa irin wannan a 1940 a Amurka, daga baya shi da Frederick Thompson kowa ya ƙera nasa samfurin da aka yi ta amfani da shi shekaru da dama. John Charnley kuma a Wrightington ta Ingila, a 1962, ya daidaita sauya gaɓar gaba ɗayanta, kai da ƙoƙo, tare da simintin da ke riƙe ƙarfen a cikin ƙashi.

Mu fara da wuyan, tunda nan ne gardamar ta fi zafi. Likitoci har yau suna amfani da rabon da Robert Garden ya yi a 1961, hawa huɗu, amma a aikace tambaya ɗaya ce: ya goce ko bai goce ba? Idan tsagewa ce kawai, ko kan ya dannu cikin wuyan ya cije bai motsa ba, akwai kyakkyawan zaton jijiyoyin suna raye. A nan ana barin wa mutum kansa na asali. Ta ƙaramar ɓula a gefen cinya, ana kallo da na'urar hoto, ake zura kusoshi masu zare guda uku, ɗaya a ƙasa biyu a sama, su danne karayar. Aiki ne gajere, jini kaɗan. Akwai kuma mai amfani da babbar kusa guda ɗaya da ke maƙale da fallen ƙarfe a gefen ƙashin. An gwada hanyoyin biyu a binciken FAITH da aka buga a 2017, kan mutum fiye da dubu: bayan shekara biyu, kashi 20 cikin 100 na masu babbar kusa an sake yi musu tiyata, masu kusoshi uku kuma kashi 22. Wato kunnen doki. Abin da ya fi jan hankalina a wannan sakamakon shi ne girman adadin kansa: ɗaya cikin biyar ya koma ƙarƙashin wuƙa. Shi ya sa ko a karayar da ta yi kamar ba ta goce ba, likita mai lura yana duba hoton gefe. In kan ya kwanta baya fiye da digiri 20, kusoshi sun fi saurin sakewa, kuma da yawa a yau sun gwammace su cire kan tun farko.

(Irin wannan karayar da ba ta goce ba tana da yaudara. Tsohon na iya takawa yana ɗingishi, hoton farko kuma ya fito kamar lafiya lau. In ciwon matsematsi ya ƙi tafiya bayan faɗuwa, hoton MRI ne ke tona ta. Sallamar irin wannan mutum da maganin ciwo kan sa ya dawo bayan 'yan kwanaki da karayar da ta goce sarai.)

Idan wuyan ya goce, shekaru ne ke yanke hukunci. Mai shekara arba'in ko hamsin ana gaggawar mayar masa da ƙashin gurbinsa a ɗaure, ana sane da cewa kan na iya mutuwa, domin gaɓar ƙarfe tana da wa'adi kuma shi yana da sauran shekaru masu yawa da zai taka ta. Ga tsoho wannan cacar ba ta biya. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa in aka ɗaure gocacciyar karayar wuya da kusoshi a jikin tsoho, kusan ɗaya cikin uku, wani lokacin fiye, aikin yana rushewa: ko ƙashin ya ƙi haɗewa, ko kan ya mutu ya lotse bayan watanni. Mutumin da da ƙyar ya tsallake tiyata ɗaya, ga shi zai shiga ta biyu bayan ya sha watanni cikin ciwo. Saboda haka aka kusan haɗuwa baki ɗaya cewa a cire kan a sa na ƙarfe. Da an yi haka, babu sauran karayar da za a jira ta warke.

To amma rabi za a sauya ko duka? Sauya rabi shi ne a zura sandar ƙarfe cikin ramin ɓargon cinya, a ɗora mata ƙwallo daidai girman wanda aka cire, a mayar da shi cikin ƙoƙon mutum na asali. Sauya duka kuwa har ƙoƙon ake kankarewa a sa na roba mai tauri ko na tangaran cikin kwanon ƙarfe, ƙwallon kuma ya zama ƙarami. Kowanne da aibinsa. A na rabi, ƙarfe ne ke gogar guringuntsi mai rai. Mai yawan tafiya, bayan shekaru, zai iya cinye guringuntsin ya fara jin ciwo. A na duka babu wannan, amma aikin ya fi tsawo, jini ya fi zuba, kuma ƙaramin ƙwallo ya fi saurin ficewa daga gurbinsa in an durƙusa ko an harɗe ƙafa.

An daɗe ana ɗauka cewa duk tsohon da ke da ƙarfinsa, sauya duka ya fi masa nesa ba kusa ba. Binciken HEALTH na 2019 ya rage wa wannan magana kaifi. Mutum 1,495 ne daga ƙasashe goma, 'yan shekara 50 zuwa sama, dukansu suna tafiya da ƙafarsu kafin su karye, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara biyu, waɗanda aka sake yi wa aiki a gaɓar kashi 7.9 cikin 100 ne a masu duka, kashi 8.3 a masu rabi. Gocewa ko rashin zaman gaɓa ya kai kashi 4.7 a masu duka, 2.4 a masu rabi. Masu duka sun ɗan fi jin daɗin ƙafar, amma da ratar da su masu binciken suka ce mutum ba zai ji ta a rayuwarsa ta yau da kullum ba. Masu goyon bayan sauya duka suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce: shekara biyu ta yi kaɗan, ai cinyewar guringuntsi sai an jima take bayyana. Shi ya sa hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, da ta sabunta ƙa'idarta a 2023, ta ce a yi tunanin sauya duka ga wanda yake fita waje da ƙafarsa da sanda ɗaya ko babu, ba shi da wata cutar da za ta hana, kuma ana sa ran zai ci gaba da yi wa kansa hidima fiye da shekara biyu.

A ganina wannan ita ce tambayar da iyali suka fi likita sanin amsarta, kuma sau da yawa ba a yi musu ita da kyau. Hoto ba ya nuna ko mutum yana hawa bene jiya, ko shekara biyu ke nan iyakarsa daga gado zuwa kujera. Ɗauki mata biyu, kowacce shekara 78, karaya iri ɗaya. Ta farko ita ke yi wa kanta komai, tana tafiyar rabin awa ba ta huta ba, hankalinta garau. Ta biyu tana da ciwon mantuwa, sai an riƙe ta take kai wa ƙofa. Ta farko za ta iya morar cikakkiyar gaɓa shekara goma ko fiye. Ta biyu in aka sa mata, an ƙara mata haɗarin gocewa a kan amfanin da ba za ta taɓa kaiwa gare shi ba, tunda ba za ta riƙe dokar kada ki harɗe ƙafa ba. 'Ya'yan da suka ƙara wa mahaifiyarsu ƙarfi a baki don a yi mata abin da suke gani shi ne mafi tsada ko mafi girma, ba gata suka yi mata ba. Akwai dai wani ƙoƙo mai motsi hawa biyu da Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1970, wanda ke rage gocewa, kuma likitoci da dama suna komawa gare shi in za su sauya duka ga mai karaya.

Sai maganar siminti, wadda sunanta kaɗai ke tsorata mutane. Wani irin roba ne da ake kwaɓawa a ɗakin tiyata, a ɗura cikin ramin ƙashi, a zura sandar, ya daskare cikin mintuna. Ɗaya hanyar ita ce a buga sandar ta matse da kanta, a jira ƙashi ya tsiro ya kama ta. Ƙashin saurayi yana jure bugu; na tsohuwa mai zaizayar ƙashi kan tsage. A binciken WHiTE 5 na Birtaniya, 2022, mutum 1,225 masu shekara 60 zuwa sama: karyewar ƙashi a kewayen ƙarfen ta sami kashi 2.1 cikin 100 na waɗanda ba a sa wa siminti ba, kashi 0.5 kacal na masu siminti, kuma masu simintin sun ɗan fi jin daɗin rayuwa bayan wata huɗu. Simintin yana da nasa haɗari, na 'yan mintuna: lokacin da ake danna shi, kitse da ɓargo na iya shiga jini, hawan jini ya faɗi, iskar jiki ta ragu, a wasu 'yan lokuta zuciya ta tsaya. Shi ya sa ake wanke ramin tas, ba a matsa shi da ƙarfi ga mai raunin zuciya, kuma likitan fiɗa yana faɗa da babbar murya cewa zai sa siminti don mai kula da barci ya shirya.

Karayar kafaɗa, wadda ke tsakanin tudun nan biyu, labarinta ya fi sauƙi ta wani gefen. Ƙashin wurin kamar soso yake, cike da jini, yana haɗewa cikin wata uku ko makamancin haka. Ba a cire kai. Matsalarta biyu: tana zubar da jini a ɓoye cikin cinya, har mutum ya buƙaci ƙari, kuma tsokoki suna fizgar gutsattsarin ta ko'ina, sai an sami abin da zai riƙe su yayin da mutum ke takawa. Tsohuwar dabara, wadda asalinta ke komawa ga Ernst Pohl na Jamus a farkon shekarun 1950, ita ce babbar kusa da ke shiga kai, gindinta kuma yana zamewa cikin wani bututu da ke jikin fallen ƙarfen da aka ɗaure a gefen cinya. Hikimar tana cikin zamewar: duk takun da mutum ya yi, kusar na ja da baya kaɗan, gefen karayar biyu su ƙara cije juna. Nauyin jikin da ake tsoro shi ya zama mai ɗori. Ƙafar kan ɗan gajarta, amma tana haɗewa.

Ɗaya dabarar jikar sandar da Gerhard Küntscher ya fara zurawa cikin ɓargon ƙashin cinya ce a Kiel a 1939. Ana shigar da ita ta saman babban tudu, sannan a ratsa ta da kusa zuwa cikin kai. Tunda tana tsakiyar ƙashi, kusa da inda nauyi ke bi, ta fi jure lanƙwasa, kuma ita kanta katanga ce da ke hana gutsattsarin zamewa fiye da kima. Inda karayar ta farfashe, ko bangon waje ya rushe, ko layin karayar ya kwanta ta baibai, ko ta sauka ƙasan ƙaramin tudu, sanda ce maganin. A irin waɗannan, zamewar fallen ƙarfe raba ƙashin take yi maimakon haɗa shi. Inda kuwa karayar tsaf take, gida biyu, dukansu suna aiki daidai. Amurka ta karkata ga sanda kusan a ko'ina, Birtaniya ta riƙe fallen ƙarfe ga mafi yawan waɗannan karayar saboda sakamako ɗaya ne kuma ya fi sauƙin kuɗi. Ni dai ina ganin hannun da ya sa ƙarfen ya fi sunan ƙarfen tasiri. Michael Baumgaertner ya nuna a 1995 cewa abin da ya fi hasashen ko kusa za ta huda kai ta fito shi ne nisan bakinta daga tsakiyar ƙwallon, in an haɗa awon hoton gaba da na gefe. A cikin waɗanda jimillar ba ta wuce milimita 25 ba, ko ɗaya ba ta fito ba.

Yaushe za a yi? NICE ta ce ranar da aka kwantar da mutum ko washegari. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ce cikin awa 24 zuwa 48. A lardin Ontario na Kanada an bi bayanan mutum 42,230, aka buga a 2017: waɗanda suka jira fiye da awa 24, kashi 6.5 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30, waɗanda ba su kai haka ba kashi 5.8. Irin wannan lissafi yana da rauni, domin wanda ya fi jin jiki shi aka fi jinkirta wa. Sai aka yi gwajin HIP ATTACK, 2020, mutum 2,970 a ƙasashe 17: rabi aka yi musu cikin kamar awa shida, rabi cikin kamar awa 24. Mutuwa cikin kwana 90 ba ta bambanta a zo a gani ba, kashi 9 da kashi 10. Amma masu saurin sun fi tsira daga ruɗewar hankali, sun riga tashi, sun riga komawa gida. Abin da na fahimta: ba sai an tayar da asibiti da tsakar dare ba, amma jinkirin kwanaki ba shi da hujja sai in ana gyara abin da ke gyaruwa, kamar ƙarancin jini, bushewar jiki, suga da ya hau, bugun zuciya da ya rikice, ko maganin tsinka jini da mutum ke sha. A tsayar da tsoho kwana huɗu ana jiran gwajin da sakamakonsa ba zai canza komai ba, wannan sauri ne ya haifi nawa ta bayan gida: ana gudun haɗari ana tara shi.

Iyalai kan dage a kan allurar baya, wai maganin barci na gaba ɗaya ya fi ƙarfin tsoho. Gwajin REGAIN na 2021, mutum 1,600 a Amurka da Kanada, bai ga bambanci ba: waɗanda suka rasu ko suka kasa tafiyar mita uku bayan kwana 60 kashi 18.5 ne a masu allurar baya, kashi 18 a masu barci, ruɗewar hankali ma kusan ɗaya. A bar wa likitan barci ya zaɓa bisa zuciyar mutum da huhunsa da magungunan da yake sha. Allurar da ta fi cancanta a nema ita ce wadda ake yi a matsematsi tun a sashen gaggawa, ta kashe jijiyoyin ciwon cinya, ta rage buƙatar magunguna masu sa maye.

An fito daga tiyata, tsugune ba ta ƙare ba. Washegari masu gashin ƙashi za su zo su zaunar da shi bakin gado, su miƙar da shi da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, yana ƙorafi, 'ya'ya suna cewa a bar shi ya huta. Wannan miƙewar ita aka yi tiyatar dominta. A cire robar fitsari da wuri, a ba shi tabarau da abin jinsa don kada ya ruɗe, a tabbata yana ci yana sha, a ba da maganin hana daskarewar jini na wasu makonni. Ƙarin jini ma an gano ba sai an yi ta ɗurawa ba: gwajin FOCUS na 2011, mutum 2,016, ya nuna jira har awon ƙarfin jini (hemoglobin) ya sauka ƙasa da 8, ko alamu su bayyana, bai fi cutarwa ba a kan ƙarawa tun yana 10. Tun ƙarshen shekarun 1950 a garin Hastings na Ingila, likitan ƙashi Michael Devas da likitan tsofaffi Bobby Irvine suka fara zagayen marasa lafiya tare, domin sun ga ƙashin kaɗai ne na likitan fiɗa, sauran jikin duka na wani ne. Asibitocin da suka bi wannan tsarin sun ga mace-mace sun ragu.

Akwai waɗanda ba a yi wa tiyata, kuma ba sakaci ba ne. Mutumin da dama yana gargara, ko wanda ciwon mantuwa ya kai shi ƙarshe har ba ya gane kowa, ana iya zaɓar a kashe masa ciwo a bar shi cikin nasa. Wani bincike a Holan, 2022, ya bi mutum 172 masu rauni ƙwarai da ke gidajen kula da tsofaffi, inda iyali da likitoci suka zauna suka zaɓa. Cikin waɗanda ba a yi wa tiyata ba, kashi 83 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30, cikin waɗanda aka yi wa kuma kashi 25. Amma ingancin kwanakin da suka rage wa na farkon bai gaza ba. Ya kamata iyali su san abin da suke zaɓa in sun zaɓi wannan: rakiya ce zuwa ƙarshe, kada a faɗa musu jinya ce. A ɗaya gefen kuma, ko wanda dama ba ya tafiya akan yi masa tiyata don kawai a iya juya shi a zaunar da shi ba tare da ya yi ihu ba.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa a takardar sallama shi ne ɗaya kwatangwalon. Ƙashin da ya karye daga faɗuwar tsaye ya riga ya shaida cewa ya zaizaye, kuma na ɗaya gefen shekarunsu ɗaya. A gwajin HORIZON na 2007, mutum 2,127 da aka yi wa tiyatar kwatangwalo, an ɗura wa rabinsu maganin zoledronet, mai ƙarfafa ƙashi, ta jijiya sau ɗaya a shekara, farawa cikin kwana 90 bayan tiyata, tare da bitamin D da sinadarin kalsiyam. Sababbin karaya sun ragu da kashi 35 cikin 100, mutuwa ta ragu da kashi 28. Ƙarin ruwa ne na kamar minti goma sha biyar, ga wanda ƙodarsa ke aiki daidai. Duk da haka tsofaffi da yawa suna barin asibiti da sabon ƙarfe a cinya, ba wanda ya ɗaga musu maganar, ba wanda ya duba idonsu ko ya tambayi wane maganin barci suke sha da dare.